Abdoulaye N'Diaye na Thiowor, tsohon sojan da hakkinsa ya yi ta makara a hanya

Duk wanda ya taɓa jin sunan Abdoulaye N'Diaye to galibi abu ɗaya ya ji, wai tsohon soja ne ɗan Senegal da ya rasu ana gobe za a rataya masa lambar girma ta Faransa. Kuma haka ɗin ne. Ranar 10 ga Nuwamba 1998 Allah ya yi masa rasuwa a ƙauyensu Thiowor yana da shekara 104 bisa abun da takardunsa suka nuna, washegari 11 ga wata ne aka shirya jakadan Faransa zai zo har ƙauyen ya ba shi Légion d'honneur, babbar lambar yabo ta ƙasar, albarkacin cika shekara 80 da tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi ne na ƙarshe da aka sani a raye cikin rundunar Tirailleurs Sénégalais, wato sojojin ƙasa ƴan Afirka, da suka yi wa Faransa wancan yaƙin. Mutane na son labarin a haka saboda yana sosa rai, kwana ɗaya tal, sai a ce ayya Allah sarki a wuce. Ni kam ba nan ya fi damuna ba. Wannan ajali ne, ba mai ɗaga shi. Abun da ya kamata a tsaya a duba shi ne shekara talatin da mutumin nan ya yi yana noma da tabon harsashi a kai bai ma san yana da fansho ba, da kuma sauran shekarun da aka daskarar masa da ɗan abun da ya samu daga baya, don waɗannan kam mutane ne suka zauna a ofis suka tsara su.

An haife shi a 1894. Thiowor ƙauye ne a yankin Louga, arewacin Senegal, tsakanin Dakar da Saint-Louis, ƙasar rairayi da ƙarancin ruwa. Kuma wannan zama ɗan ƙauye da ya yi shi ne mabuɗin komai a labarinsa, saboda a mulkin mallakar Faransa ba duka ƴan Senegal ne ke matsayi ɗaya ba. Garuruwa huɗu ne aka ware, Dakar, Gorée, Rufisque da Saint-Louis, wanda aka haifa a cikinsu yana da ƙuri'a, yana da wakili a majalisar Paris, a 1914 ma suka zaɓi Blaise Diagne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya zauna a wannan kujerar, kuma dokokin 1915 da 1916 suka tabbatar musu da cewa su ƴan ƙasar Faransa ne, in sun shiga soja tare da Turawa ake lissafa su. Sauran jama'a kuwa talakawan mulki ne kawai, kwamandan yanki na iya ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban alƙali ba, ana iya kwasarsa aikin tilas. N'Diaye a wannan rukunin na biyu yake.

Rundunar da ya shiga tsohuwa ce, tun 1857 gwamna Louis Faidherbe ya kafa ta, kuma duk da sunan Senegal da ke jikinta mutanen cikinta daga ko'ina suke a ƙasashen da Faransa ta mallaka a yammacin Afirka, Mali ta yau, Gini, Burkina Faso, Benin, Kwaddebuwa, har Nijar. A 1910 wani hafsa Charles Mangin ya yi ta tallata ra'ayin cewa tunda haihuwa ta ja baya a Faransa kuma Jamus ta fi ta yawan jama'a, to ga Afirka nan cike da samari, a ɗebo. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 sai aka ɗebo ɗin. Kusan mutum 200,000 aka ɗauka daga Afirka ta Yamma kafin a gama, kusan 30,000 ba su dawo ba.

Yadda ake ɗaukar ya kamata a fahimta, don a takarda za ka ga an rubuta wasu da yawa a matsayin masu sa kai. Umarni ke fitowa daga sama cewa yanki kaza ya kawo mutum kaza, kwamanda ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa masu gari, mai gari kuma ya zauna ya duba gidan da ba zai iya ja da shi ba. Shi ya sa da yawan waɗanda aka fara turawa ƴaƴan bayi ne da marayu da ƴaƴan marasa galihu. Samari suka riƙa gudu daji, wasu su tsallaka Gambiya ko Gold Coast (Ghana ta yau) ko Najeriya inda Ingila ke mulki, wasu su ji wa kansu ciwo da gangan don likita ya ƙi su, a wasu wuraren ma aka yi tawaye sosai, kamar Bélédougou a Mali ta yau a 1915 da yankin kogin Volta a 1915 zuwa 1916 inda sai da aka fito da igwa aka rushe garuruwa. Abun ya kai shi kansa babban gwamnan yankin, Joost van Vollenhoven, ya ajiye aiki a farkon 1918 saboda bai yarda a ƙara ɗaukar wasu ba. Dabarar da hukuma ke yi in yaro ya gudu kuwa mai sauƙi ce, a kama babansa ko wani dattijon gidan a kulle har sai an kawo mutum.

Abun da ya faru da gidansu N'Diaye kenan kamar yadda ya ba da labari da bakinsa. Wani ɗan uwansa ne aka nema ya gudu, sai aka kama kawun nasa aka tsare, shi kuma ya ga ba zai iya zama dattijon da yake girmamawa na kulle ba, ya miƙa kansa aka saki tsohon. Yana ɗan shekara 20 lokacin. To ka gaya min wannan a wane layi za a sa shi, sa kai ko tilas? Da ƙafarsa ya je, ba wanda ya ɗaure shi, amma ba don Faransa ya je ba, bai san Jamus ba balle ya yi gaba da ita, don kawunsa ya je.

A 1914 ɗin aka kai shi Turai kuma a shekarar ya samu rauninsa na farko a Beljiyam. A 1915 yana cikin waɗanda aka tura Dardanelles, inda Ingila da Faransa suka so su ƙwace mashigin ruwan da ke kaiwa Istanbul daga hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya, suka yi wata da watanni a maƙale a gaɓar teku ana kashe su, zawo da ƙuda na ƙarasa waɗanda harsashi ya bari, daga ƙarshe suka tattara suka janye ba tare da sun samu komai ba. Wani abun lura a nan, sarkin Turkiyya ya riga ya yi shelar jihadi tun Nuwamba 1914, ga shi kuma an kwaso yaran musulmi daga ƙauyukan Senegal da Mali an ce su harbi sojojinsa, su ma can ɓangaren galibi yaran manoma ne daga ƙauyukan Anatoliya. Daga nan sai Somme da ke arewacin Faransa a 1916, gumurzun da aka fara ranar 1 ga Yuli aka kai Nuwamba, wanda waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata a ɓangarorin biyu suka haura miliyan ɗaya. A can harsashi ya same shi a kai, rauni na biyu kenan.

Ban da harsashi akwai sanyi, wanda a wajen waɗannan sojojin shi ma maƙiyi ne mai zaman kansa. Mutum ya taso inda rana ke dukan ƙasa, an sa masa takalmin da bai saba da shi ba an tsayar da shi cikin rami mai ruwa da laka kwana da kwanaki, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi har a yanke yatsu, hannu ya ƙage ya kasa ɗana bindiga, ga ciwon huhu. Sai da aka yi asara sosai sannan hukumar soja ta riƙa janye su lokacin hunturu zuwa sansanonin kudancin Faransa wajen Fréjus da Saint-Raphaël, in yanayi ya sassauta a mayar da su. Umarni kuma da wani guntun Faransanci ake ba su wanda aka ƙirƙira musamman dominsu, kalmomi kaɗan na tsaya, tafi, harba, kwanta. Wannan ma yana da alaƙa da abun da zai biyo baya, don wanda aka koya wa yaren karɓar oda kawai ba a koya masa yaren da zai nemi hakkinsa da shi ba.

Da aka gama yaƙi ya koma Thiowor ya kama noma, shi kenan.

Ranar 31 ga Maris 1919 Faransa ta yi dokar fanshon sojojin da suka nakasa ko suka jikkata a yaƙi. A can Faransa kowane ƙauye akwai magajin gari, akwai gidan waya, akwai ƙungiyar tsofaffin sojoji da za su riƙe hannun mutum su cike masa fom, jarida na bugawa, maƙwabci na faɗa. N'Diaye kuwa sai a 1949 ya ji cewa yana da hakkin fansho har iri biyu, na tsohon soja da na rauni, kuma ba daga bakin hukuma ya ji ba, sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu ne suka gaya masa. Lissafa ka gani, yana da shekara 55 a lokacin, ƙarfinsa duk ya tafi a gona. Abun da ke ba ni mamaki a nan, a 1914 ba titi ba waya amma hukuma ta san hanyar gidansu sarai, ta san sunan yaron da take nema, ta san wane dattijo za ta kama ya fi zafi. Hukumar nan dai ita ce ta yi shekara talatin wai ba ta gano inda yake ba.

Ba mamaki kuma da labarin ya zo ta hannun ƴan yaƙi na biyu. Su idonsu ya fi buɗewa, da yawansu sun zauna a sansanonin fursuna na Jamus a cikin Faransa sun ga yadda abubuwa ke tafiya, kuma sun san abun da ya faru a barikin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, inda sojojin Faransa suka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi da ke neman a biya su kuɗinsu da aka riƙe. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, daga baya aka ambaci 70, masana tarihi da dama na ganin adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. A 1946 kuma aka soke aikin tilas da waccan dokar hukunci ba shari'a. Don haka tsarar da ta biyo bayansa ta dawo da sanin cewa kuɗin soja ba kyauta ba ce bashi ne, su suka kai wannan sanin ƙauyuka.

To ya samu ya fara karɓa. Sai ga ƴancin kai. Ranar 26 ga Disamba 1959 majalisar Faransa ta saka wani sashe, na 71, a dokar kasafin kuɗi, wanda ya ce duk tsohon sojan da ƙasarsa ta samu ƴanci fanshonsa zai tsaya cak a inda yake, ba ƙari, komai tsadar rayuwa. Ga ƴan Senegal daskarewar ta kama su ne daga 1 ga Janairu 1975. Abokin aikinsa Bafaranshe da suka kwanta rami ɗaya kuwa nasa na hawa duk lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙari. Shekara na tafiya tazarar na buɗewa har ta zama ninki ba ninki. Lokacin da N'Diaye ya rasu abun da yake karɓa kusan faran 340 ne na Faransa a wata, wato sefa 34,000 kenan a canjin bayan karya darajar sefa ta Janairu 1994, kuma duk wanda ya san gidan ƙauye ya san fanshon tsoho ba nasa ba ne shi kaɗai, da shi za a sayi magani, da shi za a cike gibin rumbu a shekarar da damina ta yi gardama, kuma yankin Louga ya sha fari sosai a shekarun 1970 da 1980.

Akwai wani ƙaramin abu cikin takardunsa da nake ganin ya fi kowane dogon bayani nuna yadda tsarin yake. Hukumar Faransa ta ba shi katin rangwamen kuɗin jirgin ƙasa na SNCF, kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, irin wanda ake ba sojojin da suka jikkata. Kati ne na gaske, da hatimi da komai, in da zai je tashar Paris ya nuna za a rage masa kuɗin tikiti zuwa Marseille. Mutumin da ke zaune a ƙauyen da ba wutar lantarki, ruwan sha ma sai an yi da gaske, ba hanyar mota ta kirki, rabonsa da Faransa tun yana saurayi. Wato ma'aikacin da ya buga katin bai yi kuskure ba, dokar ta ce mai rauni na da kati, an ba shi kati. Inda daidaito ba ya cin ko sisi an daidaita shi da Bature tsaf, inda zai ci kuɗi kuma sai aka tuna ai shi ɗan wata ƙasa ne.

Don adalci ya kamata a faɗi hujjar Faransa, tunda ta kawo ta a gaban kwamitin kare hakkin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin da Ibrahima Gueye da wasu tsofaffin sojojin Senegal 742 suka kai ƙara. Ta ce rayuwa ta fi sauƙi a Afirka, ta kuma ce da wuya ta iya tantance waye ke raye waye ya mutu da adadin iyalin kowa a ƙasashen da ba ita ke riƙe da rajistarsu ba. Ta biyun nan ba ƙarya ba ce ɗungurungum, mutane irin su N'Diaye shekarar haihuwarsu ma ƙiyasi ce, kuma ba yau aka fara karɓar fanshon mamaci ba a duniya. Amma a Afrilu 1989 kwamitin ya ce wannan wariya ce, saboda fansho ladan aikin da aka yi ne ba ladan takardar zama ɗan ƙasa ba, kuma ga Bafaranshe tsohon soja na zaune a Dakar yana cin kasuwa ɗaya da ɗan Senegal amma shi ana biyansa cikakke, to ina maganar sauƙin rayuwa? Wahalar tantancewa kuma aikin ofis ne, ba a rage wa mutum hakki don a sauƙaƙa wa ofis. Faransa ta ji ta yi shiru, ba ta canza dokar ba. N'Diaye na raye lokacin, yana da shekara 95.

Sai 1998, da shugaba Jacques Chirac ya yanke cewa duk sojan ƙawance da ya yi yaƙin farko a ƙasar Faransa kuma yake raye a ba shi Légion d'honneur. Aka shiga bincike, aka gano tsoho a Thiowor. Ka ga da aka so ganinsa an gan shi. Wakilin jaridar Le Monde ta Faransa ya je ƙauyen ya yi hira da shi kwanaki kaɗan kafin bikin, kuma yawancin abun da duniya ta sani game da rayuwarsa daga irin wannan hirar ta ƙarshen rayuwa ya fito. Wannan ma abun takaici ne ta wani ɓangaren, mutum ya yi shekara 80 a zaune da labarin Beljiyam da Dardanelles da Somme a kansa, sai da ya rage shi kaɗai sannan ya zama abun nema. Da ba don irin su Joe Lunn ba, masanin tarihin nan Ba'amurke da ya bi tsofaffin sojojin Senegal a farkon shekarun 1980 yana naɗar muryoyinsu, da kusan duk abun da za a sani game da su daga rahoton hafsoshinsu Turawa zai fito. An ruwaito cewa yana cikin shirin bikin ne, ana maganar babbar rigar da zai sa, rai ya yi halinsa. Lambar dai an ba shi ita bayan rasuwa.

Abun da ya bari wa ƙauyen ba a aljihunsa ya fito ba, don ba shi da shi. Mutuwar tasa a irin wannan ranar ce ta ja ido, labarin ya zaga jaridu, mutane a Faransa suka ji kunya, daga baya aka yi wa Thiowor hanyar da ta haɗa shi da waje aka sa mata sunan rundunar Tirailleurs, aka kuma buɗe wani ɗan ƙaramin gidan tarihi a ƙauyen don tunawa da shi da ƴan uwansa sojoji. Ni a ganina hanyar nan ta fi lambar amfani nesa, mai naƙuda za ta bi ta, buhun amfanin gona zai bi ta. Sai dai kar a ruɗe, ƙauye ɗaya ne ya dace saboda tsohonsa ya fi kowa daɗewa, akwai dubban ƙauyuka daga Senegal har Nijar da aka ɗebi yaransu haka, tsofaffinsu suka mutu a 1950 ko 1970 ba ɗan jarida ba jakada.

Shari'ar kuma ta ci gaba bayan rasuwarsa. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa, Conseil d'État, ta yanke hukunci a ƙarar Amadou Diop, wani tsohon saje ɗan Senegal, ta ce daskarar da fansho saboda ƙasar mutum wariya ce. Shi ma Diop ɗin ya riga ya rasu kafin hukuncin. A 2002 gwamnati ta yi ɗan ƙari amma ta ɗaura shi kan tsadar rayuwar kowace ƙasa, wato tsohuwar hujjar ta dawo ta taga. A 2006 bayan fitowar fim ɗin Indigènes, kan sojojin Afirka da suka yi wa Faransa Yaƙin Duniya na Biyu, da ya tayar da ƙura, Chirac ya sanar da daidaita fanshon tsohon soja da na rauni daga 2007, su ne kuwa ainihin biyun da N'Diaye ke karɓa, sama da shekara takwas bayan an binne shi. Sauran fanshon ritaya sai da kotun tsarin mulki ta sa baki ranar 28 ga Mayu 2010 sannan aka daidaita daga Janairu 2011. A Senegal kuma shugaba Abdoulaye Wade ya ware ranar tunawa da Tirailleurs a 2004, a 2017 shugaban Faransa na lokacin François Hollande ya ba 28 daga cikin tsofaffin takardar zama ƴan ƙasar Faransa, a 2023 aka yarda waɗanda ke zaune a ƙananan ɗakuna a wajen Paris don kar su rasa kuɗin tallafin tsufa su koma gida gaba ɗaya ba tare da sharaɗin zaman wata shida a Faransa ba, tara daga cikinsu suka sauka Dakar a watan Afrilu.

Ko gyaran na 2011 ma ba duka ne ya zo wa mutum har gida ba. Wani ɓangaren an daidaita shi kai tsaye, amma sake lissafin matakin fansho sai mai hakkin ko matar da ya bari ta rubuta ta nema, cikin wa'adin da aka ɗiba, da takardun shaida, da Faransanci. Na birni mai ɗa ɗan boko ko mai ƙungiya a kusa zai ji ya cike fom. Tsohuwar da mijinta ya yi yaƙin Indochina ko Aljeriya tana zaune a ƙauyen da ya fi Thiowor nisa da titi, ita kuma sai in wani ya dawo daga birni ya gaya mata.